Burabuskon Ya Fanna a Kasuwar Gashuwa

Ranar sunan ɗan 'yata Hadiza ne raina ya ɓaci har na ce sai na rubuta wannan babin. Ina zaune a zaure ana cin tuwo, sai na ji wani jikana, ba zan kama suna ba, ya san kansa, yana zolayar ɗan'uwansa da ya zabga hannu a miyar kifi.

"Ci abinka, ai gado ne. Mu jinin Sambo Tarwaɗa ne."

Aka kwashe da dariya, har da iyayensu. Ni ban yi dariya ba. Na ajiye lomar da ke hannuna na shige ɗaki, kuka ce tsufa ya sa Baba saurin fushi. Ba tsufa ba ne, kunya ce, kuma kunyar ta girmi babbanku. Mutumin da kuke kira da wannan suna shi ya haifi uwarku Dije. Surukina ne, ban taɓa furta sunansa da bakina ba, yana raye ko bayan ransa, yanzun ma alƙalami ne ya faɗa ba ni ba. Daga nan zuwa ƙarshe Baffa zan riƙa cewa, kamar yadda nake ce masa.

Ku da kuka tashi a cikin garin Nguru kuna sayen ƙosai a bakin titi kuna tafe kuna taunawa, sai na yi muku bayani kafin ku gane. A rugarmu, can wajen Dapchi, namiji ba ya cin abinci a idon jama'a. Ko a gida za ka sha fura, gefe kake komawa ka juya baya. Kasuwa kuwa ba a ma maganarta. In yunwa ta kama ka a can, ka fita bayan gari ka sami gindin itace inda ba kowa, ka dama abin da ka zo da shi. Kifi kuma ba ma cinsa sam. Ba haramun ba ne, mun sani sarai, amma a wajenmu abincin mutanen bakin ruwa ne, mai saniya ba ya ko kallonsa. Gaba da wannan duka akwai suruki. Ko ruwa ba ka sha a gabansa, in kun yi kiciɓis a hanya sai ka ratse ka tsuguna har ya wuce. Wannan shi ne fulakon da kuke ji ana faɗa kuna dariya, mu a lokacin da shi ake auna mutum.

A shekarar da nake ba ku labari, Turawa na nan ba su tafi ba, ni kuma ina saurayi ina ji da kaina. Na shiga sharo an zabga mini bulala ban ƙifta ido ba, kuma Baffa ya riga ya amsa zai ba ni Dije. Ita tana so, ni ina so. Mutum ɗaya ne ba ya so, wato Giɗaɗo, ƙanen Baffa, domin ɗansa yake wa kwaɗayinta. Abin da ya riƙe a kaina shi ne na cika shiga gari, na iya Hausa fiye da kima, wai yaron da ya saba da kasuwa kunyarsa ta zube. Ya yi ta faɗa a gaban dattawa har Baffa ya ce masa, in ya taɓa kama ni da abin kunya ƙwaya ɗaya, to an fasa. Maganar ta zagaya duk rugage, ba wanda bai ji ba. Shi kansa Baffa a wannan shekarar yana da nasa abin jira. Tsohon ardonmu ya rasu, dattawa sun haɗa baki a kan Baffa za a kai gaban hakimi a naɗa.

Damina ta yi gardama a shekarar, shanu suka rame, nono ya ragu. Dole aka ware bijimai a kai Nguru inda jirgin ƙasa ke ɗibar shanu zuwa kudu, a sayo gero da kayan aure. Ni aka ɗora wa tafiyar. Da zan tashi, Inna mahaifiyata ta ɗaura mini gumba a tsumma ta riƙe hannuna.

"Buba, in wannan ta ƙare ka ɗaure cikinka har ka dawo. Idon Giɗaɗo a kanka yake."

"Haba Inna, ni da na sha bulala ban motsa ba, yunwa ce za ta kayar da ni?"

"Bulala a waje take dukanka. Ka dai ji abin da na gaya maka."

Na yi mata dariya. Wallahi har yau in na tuna dariyar nan sai in ji kamar in rufe fuskata.

Na isa Nguru lafiya, na sayar da bijiman lafiya. Garin a lokacin cike yake da hayaniya, ga dalar gyaɗa, ga kukan jirgi, ga leburori da mutanen kudu zaune a fili suna cin abinci suna hira, ba ruwan kowa da kowa. Ina kallonsu ina tsaki a zuciya. Sai masassara ta kwantar da ni a gidan dillalin da na sauka. Gumbar Inna ta yi tsami ta lalace, matar dillalin ta yi ta aiko mini da tuwo ina mayarwa ina cewa na ƙoshi, don kada a ce Bafulatani ya zo gidan mutane yana cika ciki. Ɗan kunun da na yarda na sha ma bai zauna ba. Da na ji ƙafata za ta iya ɗaukata, sai na hau wata motar kaya mai zuwa Gashuwa. Hanyar duk rairayi ce, mota ta yi ta kafewa, a ce mu sauka mu tura, mu tura mu hau, can ta sake kafewa. Da muka shiga Gashuwa rana ta take, kasuwa na ci, ni kuma ina ganin mutum ɗaya kamar biyu.

Na yi niyyar in ratsa kasuwar in kama hanyar gida. Ƙamshi ne ya tsayar da ni. Daga wata rumfa yake fitowa a layin masu kanwa, kusa da inda matan Fulani ke zama da ƙwaryar nono. Mai rumfar wata Babarbariya ce, ƙatuwar mace mai baƙin lalle a hannu, ana ce mata Ya Fanna. Mijinta mutumin Bade ne, masunci, shi ke kawo mata kifi daga kogi. Na wuce ta gaban rumfar. Na je ƙarshen layi na dawo na sake wucewa, wai ina duba kanwa. Kun san tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa, ba ta ko jira ba ta ɗaga ludayi ta nuna ni, ta yi mini sannu da Barbarci.

"Wushe, Fulata! Kai, hayaƙin tukunyata ba kyauta ba ne. Tun ɗazu kake shaƙa."

"Wucewa nake yi, Goggo."

"Wucewa? To me ya hana ka wuce? Dubi leɓenka, dubi yadda ƙafarka ke rawa. Ku dai yunwa za ta kashe ku kuna rantsuwa kun ƙoshi."

Sai ta sassauta murya ta nuna mini bayanta da haɓa.

"Shiga bayan zana ka zauna. Ba mai ganinka sai Allah, shi kuwa ya riga ya san cikinka. Kuma kada ka ɗauka kai ne Bafulatanin farko da ya zauna a wajen."

Na duba dama na duba hagu, na shiga. Ba wanda ya tura ni, da ƙafata na shiga. Wani ɗan lungu ne a gefen rumfar da ta kange da zana, da tsohuwar tabarma a shimfiɗe. Ta miƙo mini akushi ta ƙarƙashin zana. Burabusko ne na gero, an turara shi ya yi warawara, yana tururi, ta kwarara masa miyar kalkashi da ta ji daddawa da barkono, ta yaryaɗa man shanu a kai. A tsakiya kuma ga bandar tarwaɗa, baƙa wuluk don hayaƙi, ta dahu har ta saki jiki a cikin miyar. Na ce a raina zan ci burabuskon in ture kifin gefe. Loma ta farko da ta sauka sai na ji gumi ya karyo mini, idona ya washe, kunnena ya buɗe. Ban san lokacin da yatsana ya kai ga kifin ba. 'Ya'yana, zan gaya muku gaskiya tunda ita na zauna rubutawa: ban taɓa cin abu mai daɗin wannan ba, kafin ranar ko bayanta. Na suɗe akushin tas. Yunwa ta riga ta kwanta, da na tashi a nan da shi ke nan. Amma sai na ƙwanƙwasa akushin a hankali na ce a ƙaro. Ya Fanna ta yi dariya ƙasa-ƙasa, ta ƙaro, wannan karon har da kan tarwaɗar guda.

Ashe wani mai kanwa da ya zo daga wajen Yusufari ya ɗaure jakinsa a jikin dirkar rumfar. Jakin ya ga zana sabuwa, ya sa baki yana ci. Ina jin ƙwas-ƙwas a bayana ban kula ba, hankalina na kan kifi. Sai ya fizga da ƙarfi, igiyar ta tsinke, zanar ta tafi gaba ɗaya ta kwanta a ƙasa. Haske ya rufe ni. Ga ni zaune dirshan a tsakiyar kasuwar Gashuwa, akushi a tsakanin ƙafafuna, miya har gwiwar hannu, kan tarwaɗa a bakina ina tsotsa. A gabana kuma, kusa da har zan iya taɓa su da sanda, mutum biyu ne tsugune suna taya kanwar shanu. Suka ɗago tare. Baffa ne da Giɗaɗo.

An ce mutum na roƙon ƙasa ta tsage ya shige, ni a ranar ko roƙon ban iya ba. Ban iya tofar da kan kifin ba, ban iya haɗiyewa ba, ban iya tashi ba. Matan da ke sayar da nono, waɗanda rabinsu daga rugagenmu suke, wasunsu suka ja gyale suka rufe baki. Giɗaɗo ya miƙe a hankali yana kaɗe riga. Da Fulatanci ya yi magana, ya kuma ɗaga murya yadda kowace mai nono za ta ji.

"Yaya, ga surukinka nan. Ga wanda ya sha bulala bai motsa ba. A kasuwa, kifi, a gabanka. Kai ka faɗi sharaɗi da bakinka a gaban dattawa, ni ban ƙara komai ba."

A nan na san Dije ta fita hannuna. Ba Dije kaɗai ba, na san ba rugar da zan sake shiga a ƙasar nan a ba ni ko bazawara. Na tuna Inna da tsumman gumbarta. Hawaye ya zubo mini ya gangara cikin miyar da ke haɓata, ga shi ba halin in share.

Baffa dogo ne siriri, mai farin gemu kaɗan, mutumin da ko ƙannensa ba su taɓa ganin yana tauna goro ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sai ya miƙe, ya jingine sandarsa a jikin rumfa, ya cire malfarsa, ya tuɓe takalmi. Ya tako kan tabarmar da nake, ya zauna a bayana, ya juya mini baya, har ina jin ɗumin jikinsa ta cikin riga. Sannan ya yi wa Ya Fanna magana da 'yar gurguwar Hausarsa.

"Mai abinci, zubo mini irin nasa."

Ya Fanna, wadda bakinta ba ya mutuwa, ta tsaya da ludayi a hannu.

"Malam, da kifin?"

"Da kifin."

Giɗaɗo ya yi salati.

"Yaya! Ka san abin da kake yi kuwa? Mata na kallo!"

"Na gan su. Yunwa nake ji, Giɗaɗo. In cin wannan yana hana mutum zama da mace, sai ka fara zuwa ka raba ni da uwar Dije, sannan ka dawo kan yaron."

Aka ajiye masa akushi. Ban ga fuskarsa ba, amma na ji komai. Na ji ya yi bisimilla. Na ji lomar farko ta tsaya masa a maƙogwaro, bayansa ya ƙage, ya yi ta kokawa da ita kafin ta wuce. Mutumin nan tunda aka haife shi ƙarnin kifi bai taɓa shiga bakinsa ba. Haka ya yi ta turawa, loma bayan loma, yana numfashi sama-sama, kasuwa ta taru tana kallon wanda za a naɗa ardo yana cin tarwaɗa a fili. Ni kuwa da na cinye akushi guda don daɗi, ga ni a bayansa na kasa haɗiye ko yawu. Giɗaɗo ya tofar da yawu ya tafi, kanwar ma bai ɗauka ba. Da Baffa ya gama, ya wanke hannu, ya sallami Ya Fanna nasa da nawa, ya sa takalmi ya ɗauki sandarsa ya tafi, bai dube ni ba ko sau ɗaya.

Na bi shi daga nesa, ban san ma dalilin bin ba. Da ya fita bayan gari sai na ga ya ratse bayan wata kuka. Na laɓe. Ya durƙusa ya yi ta amai har na ji tsoro, ya ɗebi ruwan gorarsa ya yi ta kurkurar baki yana goge harshe da bakin riga. Na so in je in riƙe shi. Amma suruki ne, ba a zuwa. Na tsuguna a inda nake na rufe kaina da riga har ya tashi ya tafi.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni kawai ta ce sannu da hanya, ta ajiye mini fura ta fita. Abin mamaki, nawa laifin bai yi nisa ba. Wa zai tsaya kan yaro alhali ga dattijo? Masu nono suka sa Baffa a waƙa, yara suka ɗauka, sunan nan da kuke faɗa kuna dariya ya manne masa tun daga lokacin. Dattawa suka sake zama suka ce ba za su kai wa hakimi mutumin da mata ke yi wa waƙa a kasuwa ba. Giɗaɗo aka naɗa. Sharaɗin aure kuwa ba wanda ya sake tayar da shi, don duk wanda zai ce a hana ni Dije saboda kifi, sai ya fara faɗa wa ubanta a ido cewa shi ma ba mutum ba ne. Aka ɗaura mana aure bayan kaka. Ba a jima ba Baffa ya kaɗa shanunsa ya bar cikin dangi, ya koma fadamar wajen Katuzu da iyalinsa kaɗai, a can ya ƙare rayuwarsa a tsakanin manoma da masunta. Ni ma zaman ruga ya gagare ni, kowa na gani sai in ga kamar akushin yake tunawa. Shi ya sa na dawo Nguru na kama dillancin shanu, shi ya sa kuka tashi 'yan birni.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban taɓa gode masa ba. Ta yaya? Fulakon da ya karya saboda ni, shi ne dai ya hana ni buɗe baki a gabansa. In na je gaisuwa daga nesa nake tsugunawa, ya amsa yana kallon wani wajen. Na taɓa roƙon Dije ta isar masa, ta ce in rufa mata asiri, ita da wane bakin za ta tayar wa ubanta wannan magana. Na aika masa riguna, na aika gishiri da kanwa, ya karɓa ya sa albarka, amma ni na san ba wannan ba ne.

Da ciwon ajali ya kama shi, lokacin an haifi Hadiza tana rarrafe, sai ya aiko a kira ni. Da hantsi na isa. Yana kwance a bukka ya juya fuska ga bango. Na tsuguna a bakin ƙofa, ya ce in shigo. Na shiga na zauna a gefen gadon karan, na juya masa baya, don ban san wani zaman da zan yi da shi ba in ba wannan ba. Na tattara duk ƙarfina na buɗe baki.

"Baffa, ranar nan a Gashuwa..."

"Bari, Buba. Tambaya ɗaya na kira ka in yi maka, na daɗe ina son yi. Ka gaya mini tsakaninka da Allah."

"To, Baffa."

"Abincin matar nan, da daɗi kuwa? Ni ban ji ɗanɗanonsa ba."

Kuka ya ƙwace mini, ƙato da ni, da 'ya'ya. Da ƙyar na iya amsawa.

"Da daɗi, Baffa. Wallahi da daɗi."

Na ji gadon ya ɗan girgiza, ashe dariya yake yi.

"To alhamdulillahi," in ji shi. "Ashe ba a yi asara ba."

Bai ƙara wata magana ba, ni ma ban samu na ƙarasa tawa ba. Ya rasu kafin kasuwa ta zagayo.

Saboda haka ku gaya wa 'ya'yanku. Duk wanda bakinsa ke ƙaiƙayin kiran wani Tarwaɗa, ga ni nan a zaure ban mutu ba tukuna, ya zo ya kira ni, zan amsa. Ni na ci, ni na nemi ƙari.